Darasin Labarin Ƙasa a Kewayen Tozai

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba mu aji guda mu yi musu labarin ƙasa. Ran farko muka rataya taswirar Afirka jikin bango, muka tambayi yara inda kogin Nilu ya faɗa, suka amsa baki ɗaya, suka ce Bahar Rum. Muka ji daɗi ƙwarai. Sa'an nan muka ce, to, gulbin nan da iyayenku su ke noman albasa a bakinsa, daga ina ya fito, ina kuma ya nufa? Sai aji ya yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu ya ce daga sama ya ke zubowa, wani kuma ya ce ai gulbi ba ya zuwa ko ina, nan ya ke kwance har rana ta shanye shi. Muka tashi za mu gyara musu, sai muka tarar mu ma abin da muka sani bai taka kara ya karya ba. Kunyar wannan rana ita ta sa muka shiga tambayar dattawa da duba littattafai, har muka tara abin da za mu rubuta a nan, ko ya amfani 'yan'uwanmu masu shirin fita koyarwa.

Tozai gari ne a ƙasar Isa, cikin Jihar Sakkwato. Sabon Birni na arewa da Isa, Shinkafi na kudu, in ka miƙa arewa kuwa ba za ka daɗe ba sai ka taka ƙasar Nijar, wajen Tsibiri da Maraɗi. Baƙo in ya zo da rani zai ce ba abin gani, sai rairayi da ƙaya. Amma malamin da ya buɗe ido zai sami wuri biyar waɗanda ko wanne ya isa darasi guda, watau gulbi, da fadama, da tudu, da daji, da kufai.

Na Farko, Gulbi

Gulabe uku ne su ke kawo ruwa ƙasar nan. Gagare ya taso daga kudu, ya bi ta Ƙaura Namoda. Bunsuru ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta wajen Zurmi. Su biyun nan sun gamu a yankin Isa, daga nan aka sami gulbin Rima. Na uku shi ne gulbin Maraɗi, kuma shi ne ya fi ba yara mamaki. A ƙasar Katsina ya taso, ya wuce ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya, ya zuba cikin Rima a yankin Sabon Birni. Daga nan Rima ta juya kudu maso yamma, ta wuce Goronyo da Wurno, ta gamu da gulbin Sakkwato, suka tafi tare ta Argungu da Birnin Kebbi har Kwara, Kwara kuwa ta kai ruwan teku. Saboda haka karan da yaro ya jefa cikin gulbi a Isa, in bai maƙale ba, hanyarsa ke nan.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne dalilin da ya sa gulaben nan su ke cika da damina su ƙafe da rani. Ruwan sama a nan bai cika kai inci 30 a shekara ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka, Agusta ta fi yawa. Can inda Gagare da Bunsuru suka taso kuwa, ƙarƙashin ƙasa dutse ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa. In an yi ruwa sai ya gangaro gaba ɗaya, gulbi ya cika ya batse cikin dare guda, in damina ta ɗauke kuma ba wani ajiyayyen ruwa da zai biyo baya. Amma da gulaben suka iso ƙasarmu sai suka hau yashi da dutse mai laushi, irin wanda ke tsotse ruwa ya riƙe. Shi ya sa da rani za ka ga gulbi fari fat, shanu na tafiya a tsakiyarsa, amma mata su tona kamu biyu ko uku su ɗebi ruwa mai sanyi.

Lokaci biyu ya kamata a kai yara gulbi, da kaka sa'ad da ruwa ya fara janyewa, da kuma bazara sa'ad da ya ƙafe. A nemi gwiwar gulbi, watau inda ya yi lanƙwasa, a tsaya. Yara za su ga gaɓar waje ta miƙe tsaye tana zaizayewa, har saiwoyin itatuwa sun fito fili, gaɓar ciki kuwa yashi ne shimfiɗe. Dalili shi ne ruwa ya fi gudu ta waje, yana cin ƙasa, ta ciki kuma yana tafiya sannu, yana ajiye abin da ya ɗauko. A hankali a hankali gulbi ya kan sake hanya, ya bar tsohon kwarinsa ya zama tafki. Ko wane dattijo a garuruwan bakin gulbi zai iya nuna maka gonar da ruwa ya cinye, da wadda ya bari. Rigimar iyakar gona da yawa da ake kai wa gaban hakimi daga nan ta ke tasowa.

Na Biyu, Fadama da Tafki

Fadama ita ce ƙasar da gulbi ke malalewa a kanta in ya cika. Ƙasarta baƙa ce mai danƙo, domin ko wace shekara ruwa na ajiye sabuwar laka. A nan ake shinkafa da damina, da rani kuma albasa da tattasai da alkama da dankali. Da can da jigo ake ban ruwa, yanzu injin ya fi yawa.

Tafkunan da ke cikin fadama su ne wuraren da suka fi kyaun gani a ƙasar duka, musamman da hantsi a watan Nuwamba, ga bado ya rufe ruwa, ga belbela bisa bayan shanu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya na tashi garke garke. A gaya wa yara cewa waɗansu tsuntsayen da su ke gani da hunturu baƙi ne, daga Turai su ke ƙetaro hamada don gudun sanyin can, in bazara ta yi su koma. Shamuwa kuwa daga kudancin Afirka ta ke zuwa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manoma su ke murna da ganinta. In an sami masunci mai haƙuri, a roƙe shi ya yi musu bayanin gaiwa. Wannan kifi yana shaƙar iska kamar mu. In tafki ya fara ƙafewa sai ya nutse cikin laka, ya lulluɓe jikinsa da yauƙi, ya bar ɗan rami na numfashi, ya kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo.

Amma fa a nan akwai gargaɗi, kuma mun koye shi da wuya. Mun taɓa kai yara bakin wani tafki, muka juya baya muna zana taswira, kafin mu waiwayo rabinsu sun tuɓe sun faɗa ruwa. Allah ya tsare, ba wanda ya nutse, amma da yamma wani uba ya zo ya yi mana faɗa, kuma da gaskiyarsa. Ruwan kwance shi ke kawo tsargiya, ciwon nan da ke sa yaro fitsarin jini. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa ta ke girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga. A nuna wa yara katantanwar da tsinin sanda, a gaya musu mai tsargiya in ya yi fitsari a tafki shi ke mai da cutar ga 'yan'uwansa, kuma akwai magani a asibiti. Kurkunu ma da can ta ruwan tafki ake shan ta, amma ita an ga bayanta, a 2013 aka tabbatar babu sauranta a Nijeriya.

Manyan yara su san cewa Rima ta yanzu ba ta tafiya yadda ta ga dama. A 1984 aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, tsawonta ya kusa mil 8, tsayinta kamar ƙafa 70. Ta ba da ruwan noman rani da ruwan sha, amma a damanar 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki masu yawa a ƙasa da ita.

Na Uku, Tudu da Itatuwansa

In ka baro fadama ka hau tudu sai ƙasa ta sake launi. Jigawa ce, rairayi ja ja, wurin gero da wake da gyaɗa. Waɗansu tuddan za ka ga sun yi doro doro a jere. Masana sun ce tarin rairayin hamada ne, tun zamanin da ƙasar nan ta fi haka bushewa, shekaru dubbai da suka wuce, daga baya ruwa ya ƙaru, ciyawa da itatuwa suka ɗaure su wuri ɗaya. In aka sare itatuwan aka kuma cinye ciyawar, iskar bazara za ta sake ɗaukarsu. Tsakanin jigayi akwai fako, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga, da marmara a bisa waɗansu tuddan.

Ga gwaji mai sauƙi. A sami gwangwani uku, a huda gindin ko wanne, a cika ɗaya da rairayin jigawa, ɗaya da lakar fadama, ɗaya da ƙasar fako. A zuba musu ruwa daidai wa daida, yara su ƙirga su ga wanne ya fara ɗiga. Daga nan su da kansu za su faɗi abin da ya sa ba a shuka shinkafa a jigawa.

Itatuwan tudu kuwa yara sun san sunansu, abin da ya rage shi ne su san dalilinsu. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, yana kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya hana gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da ba ciyawa. A kai yara gona da kaka su gwada zangarniyar ƙarƙashin gawo da ta fili. Kuka tana ajiye ruwa cikin jikinta, kuma in ka ga kukoki da yawa wuri ɗaya cikin daji, mai yiwuwa ne gari ya taɓa zama a nan. Goriba alama ce ruwa ba shi da nisa a ƙasa, daga kabarta ake saƙa tabarma da igiya. Bagaruwa ta majema ce, aduwa da magarya na yara ne, sabara da kalgo su ke tare rairayi kada iska ta kwashe. Dogon yaro kaɗai baƙo ne, asalinsa daga Indiya, a ƙarnin da ya wuce aka kawo shi.

Na Huɗu, Dajin Gundumi

Yamma da Isa, a kan hanyar Sakkwato, akwai dajin Gundumi. Tun da can matafiya na jin tsoronsa saboda rashin ruwa. Baturen nan Clapperton, wanda ake kira Abdullahi, ya ratsa shi a 1824 za shi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ayarinsu ya sha ƙishirwa ƙwarai. A 1853 Barth, watau Abdulkarim, ya tashi daga Isa ya ƙetare shi, tafiyar sa'a 26 ba zango, don tsoron mahara, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Dalilin ƙishin shi ne ƙasar dajin tsakuwa ce da dutsen yashi, ruwan sama na nutsewa can ƙasa, ba ya tsayawa a bisa.

Masu binciken duwatsu sun ba irin wannan dutsen yashi sunan Gundumi, har a littattafansu na Turai haka su ke kiransa. A cikinsa a kan tsinci guntayen itacen da ya rikiɗe ya zama dutse, da zanen jijiyarsa a fili. In aka ƙara yin yamma zuwa ƙasar Goronyo, an haƙo ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada, aka yi bayaninta a 1930, a 1972 kuma aka raɗa mata suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo. A dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ma ana samun ɓawon halittun teku. Da waɗannan shaidu masana suka gane cewa fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya taɓa kwanciya a bisa ƙasar Sakkwato. Yara ba su yarda da wannan in an faɗa da baki, sai an sa musu dutsen a hannu. Gani ya kori ji.

Na Biyar, Kufai

Kufai aikin mutum ne, amma gulbi ne ya zaɓi wurinsa, don haka muka sa shi cikin lissafi. A yankin Isa Birnin Zamfara ya ke, babban birnin Zamfarawa na da. Gobirawa sun gangaro daga arewa, Sarkin Zamfara ya ba su masauki, an ce a gonar alƙalinsa, shi ya sa aka kira wurin Alƙalawa. Da suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1760 da 'yan kai, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta. Kusa da ita aka yi yaƙin Tsuntsuwa a 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu suka yi hasarar mutane da yawa, cikinsu har da mahardata Alƙur'ani kamar 200. A 1808 Muhammadu Bello ya ci birnin, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni, kamar shekara 50 bayan faɗuwar Alƙalawa. Da Ingila da Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila, dangi ɗaya suka zama ƙasa biyu.

Kufan Alƙalawa na ƙasar Sabon Birni, a bakin Rima. Tambayar da za a yi wa yara a nan guda ce, me ya sa sarakuna suka yi ta gina biranensu a wannan tsagi, suna kuma yaƙi a kansa? Wanda ya fahimci darasin gulbi da na fadama zai amsa da kansa. Ga ruwa ga mutane da dawaki duk shekara, ga abinci damina da rani, ga fadamar da ke hana dokin abokin gaba kusantar ganuwa in ta cika.

Yadda Za a Shirya Fita

Tilas mu faɗi gaskiya a nan. A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, sun tashi ƙauyuka, sun hana noma a gonakin nesa, dajin Gundumi kuma ya zama maɓoyarsu. A 2021 har gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda su. Don haka kada malami ya karanta wannan takarda ya kwashi 'ya'yan mutane ya nufi daji. Dajin Gundumi a cikin aji za a yi darasinsa. Sauran wuraren ma ba a zuwa sai da yardar babban malami da iyaye da mai gari, sai kuma an tambayi labarin hanya a safiyar ranar. In aka ce a dakata, a dakata, ko da an riga an yi shiri.

In an sami izini, a fita da sassafe a komo kafin rana ta take. Yara kada su wuce 20, dattijo ɗaya na gari yana gaba, malami yana baya, a ƙirga su wajen fita a ƙirga wajen komowa. Ko wanne ya zo da gorar ruwa da takalmi, kada kuma a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, saboda kububuwa da kunama. A fara da nuna gabas, tun da ko wane yaro ya san alƙibla daga makarantar allo, sa'an nan a fid da sauran kusurwoyi uku. A sa biyu su ƙirga taki daga ƙofar makaranta, biyu su tara ganye, biyu su ɗebo ƙasa. In an komo a zana taswira a tsakar makaranta bisa rairayi tukuna, da toka a matsayin gulbi da tsakuwa a matsayin garuruwa, kafin a sa ta a takarda.

In hanya ba ta yi kyau ba, darasin bai faɗi ba. Manomi zai kawo lakar fadama, masunci zai kawo gaiwa, mai kiwo ya san ko wane tafki da sunansa da watan da ya ke ƙafewa. A gayyato su aji su yi bayani, yara su rubuta. Wannan ya fi muhimmanci ga yaran da aka taso da su daga ƙauyukansu suka zo gari gudun hijira. Akwai waɗanda aka fito da su a goye, ba su san gonar ubansu ba, ba su san sunan tafkin garinsu ba. In tsofaffin da suka sani suka ƙare ba a rubuta ba, ran da Allah ya kawo lafiya aka koma, ba mai nuna musu iyaka. Muna roƙon ko wane malami da ke da irin yaran nan a ajinsa ya sa su tambayi kakanninsu, su zana taswirar garinsu, ya adana ta a makaranta.

Tambayoyi ga Yara

1. Faɗi gulabe uku da ke kawo ruwa cikin Rima, da ƙasar da ko wanne ya taso.
2. Me ya sa ake samun ruwa in an tona tsakiyar gulbi da rani?
3. Wace gaɓa ce gulbi ke ci a wurin lanƙwasa, kuma don me?
4. Ta yaya tsargiya ke kama mutum?
5. Me ya sa manomi ba ya sare gawo a gonarsa?
6. Kawo dalili biyu da suka sa aka gina Alƙalawa a bakin Rima.

Wannan shi ne iyakar abin da muka iya tarawa. Muna fata 'yan'uwanmu na Katsina da Zariya da Kano su ma su rubuto labarin gulabe da duwatsun garuruwansu a fitowa ta gaba, mu gwada mu gani. In kuma akwai Bagobiri cikin masu karatu da ya ga kuskure, ya gyara mana. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.